Wa Ya Miƙa Masa Ta Farko? Shaye-shayen Yara A Iyakar Gobir

Ina zaune ne a bencin wani mai shayi kusa da tashar mota a Sabon Birni, ina jiran mota ta cika, domin direbobin wannan hanya yanzu ba sa son tafiya su kaɗai, ba sa kuma son la'asar ta riske su a daji. Sai ga wani yaro ya zo ya tsaya gefena, da ƙyar in ya cika shekara goma sha huɗu. Ƙura ta rufe masa gira, ɓawon albasa ya manne masa a wuya, kafaɗar rigarsa ta cinye saboda ɗaukar buhu. Ya nemi a zuba masa ruwan bunu na naira ɗari. Da aka miƙo masa sai ya zaro wani ɗan kati daga ƙugun wando, ya ɓalle ƙwaya biyu, ya watsa baki, ya kora da shayin. Bai juya baya ba, bai dubi kowa ba. Mai shayin ma bai ɗaga kai daga kan tukunyarsa ba.

Na ce masa, "Ɗana, ba ka da lafiya ne?"

Ya ce, "Lafiya lau nike, Baba. Wagga ta aiki ta."

Na ce, "Wa ya koya maka?"

Ya yi ɗan murmushi kamar wanda aka tambaya wa ya koya masa cin tuwo. Ya ce, "Maigidana yab ba ni, ran da nif fara dako. Yac ce in ban sha ba, ba ni kaiwa azahar."

Kafin ya koma bakin aikinsa na samu labarinsa a gurguje. Mutanen wani ƙauye ne a gefen Burkusuma. Sun baro gida bayan harin da aka kai wa sansanin jami'an tsaro na garin a watan Satumbar 2021, wanda ya ci rayukan jami'ai sama da goma, domin mahaifinsa ya ce inda mai bindigar gwamnati bai tsira ba, mai fartanya ba shi da ta cewa. Mahaifin ya rasu daga baya. Yaron ne ke kai wa uwarsa da ƙannensa uku abin sawa a tukunya.

Mun kama hanya, amma kalma ɗaya ta ƙi barina har muka shiga Sakkwato: maigidana. Duk lokacin da aka tashi maganar shaye-shayen yara, a kan mumbari ne ko a gidan rediyo ko a majalisar dattawa bayan sallar isha'i, amsarmu ɗaya ce, wai abokan banza. Mukan kawo karin maganar nan ta zama da maɗaukin kanwa, mu girgiza kai, mu yi wa yaran zamani addu'ar shiriya, mu tashi. Ban ce babu gaskiya a ciki ba, yaro na kwaikwayon sa'ansa. Sai dai shi ma abokin banzan ɗan wani ne, shekarunsa goma sha huɗu, ba shi da kemis, ba shi da mota, bai san hanyar Legas ba balle ta Indiya. In aka bi zaren a hankali daga yaro zuwa yaro, ba a yin taku uku sai an tarar da hannun babba, kuma sau da yawa babban da yaron ke rusuna wa.

Kafin in zo kan masu wannan hannu, akwai wani abu da ya kamata mu daina faɗa wa kanmu, wato wai mu a nan ba mu san giya ba. Ƙasar Gobir ta san burkutu tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma jihadi bai shafe ta daga ƙauyukan da ba su musulunta ba a tsallaken iyaka da nan cikin gida. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, Sakkwato ta bi sahu a 2000, an rufe gidajen giya na fili, wannan kuwa alheri ne da ba mai musunsa. Amma giyar ƙaura ta yi. Wata ta koma Ƙwanni da Maraɗi, inda dokar Jamhuriyar Nijar ba ta hana sayar da ita ba, wata ta fake a kasuwannin bariki. Wadda ta fi damuna ita ce wadda ta ƙanƙance ta shiga leda. Ƙaramar leda ce da ba ta kai tafin hannun yaro ba, ƙarfin abin da ke cikinta ya ninka na giyar kwalba sau da yawa, ana sayar da ita da sunan maganin basir ko na ciwon baya ko na ƙarfin maza. Yaro ya saya da canjin aike, ya tsotse a bayan kango, ya tauna ɗanyar albasa ya shiga gida.

Hukumar NAFDAC ta san da wannan. Tun a Disambar 2018 ta yi yarjejeniya da masu masana'antu cewa cikin shekara biyar za a daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, kuma hujjarta ta farko ita ce yara. Da wa'adin ya cika ta fara aiwatar da haramcin a Fabrairun 2024, sai masu kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikatansu suka fito zanga-zanga, 'yan majalisa suka sa baki, aka yi ta ɗage maganar. Manya ne suka zauna suka auna ribar leda da ƙwaƙwalwar yaro, ba yaron da aka gayyata zaman.

Duk da haka, a tsakanin Isa da Sabon Birni giya ƙanwa ce. Yayyenta su ne tiramol da kodin da diyazafam da wiwi da sholisho, sai kuma haɗe-haɗen gargajiya irin su zaƙami da a-kuskura. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafin ciwo irin tiramol suke sha, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Arewa maso yamma kaɗai tana da wajen miliyan 3, kuma cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Mai karatu ya lura da abu biyu: ƙidayar daga shekara 15 ta fara, saboda haka yarona na tasha ba ya cikinta, sannan an yi ta ne kafin wutar daji ta kai gabashin Sakkwato inda ta kai yau.

Abin da ya ƙara buɗe mini ido a kan wannan magana daga wata ƙasa mai nisa ya zo, ta hanyar da ban zata ba. Wata 'yar ƙanena, kamar sauran sa'o'inta, ta kamu da kallon fina-finan Koriya ta Kudu a waya. Wata rana ta tambaye ni, "Baba, wane irin lemo ne wannan na koriyar kwalba da suke sha a kowane fim, in an yi murna a sha, in an yi baƙin ciki a sha?" Ban sani ba a lokacin, sai da na bincika. Sunansa soju, kuma barasa ce. Da can da shinkafa ake yin ta, yanzu akasari da rogo da dankali, ƙarfinta ya kai kashi 16 zuwa 17 cikin 100, wato kamar ninki uku na giyar kwalba. Tana da araha, ana samunta a kantunan unguwa da ba sa rufewa dare da rana, kuma shekaru da dama hotunan fitattun mawaƙa da 'yan fim mata ake liƙawa a jikin kwalbar da allunan tallanta.

Dokar Koriya ta hana a sayar wa yaro barasa sai ranar 1 ga Janairun shekarar da zai cika 19. Amma al'adarsu tana da wata magana daban. Sun gāji ra'ayin cewa sha a gaban manya ake koyonsa, domin a can akwai ladabin sha kamar yadda muke da ladabin cin abinci: ƙarami ya karɓi kofi da hannu biyu, ya kau da fuska gefe in zai kurɓa a gaban babba, kada ya zuba wa kansa, kada kuma ya mayar da abin da babba ya miƙo. A bukukuwansu na sabuwar shekara da na kaka, bayan an yi hidimar tunawa da kakanni, akan raba barasar da aka gabatar a sha a tsakanin dangi, kuma a nan ne yara da yawa ke fara ɗanɗanawa, uba ko kawu na riƙe da kwalbar. Ga kuma matsin karatu. Jarrabawar shiga jami'a da suke yi a watan Nuwamba tana da nauyin da har jiragen sama ake dakatarwa lokacin gwajin sauraren Turanci, kuma ɗalibai sun ƙirƙiro wa kansu al'adar shan barasa idan saura kwana ɗari a shiga ɗakin jarrabawa. Binciken da hukumar lafiyarsu ke yi wa ɗaliban sakandare kowace shekara tun 2005 ya sha nuna cewa waɗanda suka taɓa sha sukan fara ne a wajen shekara 13.

Uban da ke zuba wa ɗansa a Seoul ba mugunta yake nufi ba. A ganinsa rigakafi yake yi, gara yaro ya koya a gabansa da ya koya a titi. An gwada wannan tunani a Ostareliya, inda masu bincike suka bi yara kusan 1,900 tsawon shekara shida, aka buga sakamakon a mujallar Lancet Public Health a 2018. Ba su ga wata kariya da bayarwar iyaye ta yi ba. Yaran da iyaye suka ba su sun fi waɗanda ba a ba su faɗawa shan wuce kima, kuma sun fi saurin neman ƙari a wajen wasu. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa renon yaro. Abin da aboki ya miƙo, yaro ya san na ɓoyo ne, zuciyarsa na dukan uku-uku yana karɓa. Abin da babba ya miƙo kuwa ya zo da izini a cikinsa.

Mu da Koriyawa mun sha bamban a addini da arziki da abin da ke cikin kofin, amma mun haɗu a tarbiyya guda: yaron kirki ba ya mayar da hannun babba. Mun fi su ma tsanantawa. Tun yaro na rarrafe muke koya masa cewa bin na gaba bin Allah ne, in an ba ka ka karɓa da hannu biyu ka ce an gode. Wannan tarbiyya ita ce ƙashin bayan zamanmu, ba ina kushe ta ba ne. Ina cewa ne ƙofa ce da muka gina domin alheri ya shiga, kuma ba mu sa mata mai gadi ba.

Babban na farko da ke shigowa ta wannan ƙofa shi ne ubangidan aiki. Mai lodin albasa da gero a tasha, mai babur da ke ba yaro haya ya kawo balas da yamma, mai gonar fadama da ya ɗauki 'yan ƙwadago yana so a gama dashen shinkafa kafin rana ta yi tsaka, mai kurar ruwa, mai haƙar yashi a bakin gulbi. Yawancinsu su ma suna sha, kuma ba su ɗauke shi maye ba, sunansa a bakinsu maganin gajiya. A da in an yi gayya, fura da goro ake kai wa matasa gona, makaɗi na zuga su. Yau a wasu gonakin ana jefa ƙwaya a cikin butar shayi ko jarkar kunu, kowa ya sha, har da ɗan shekara goma sha biyu da ya biyo yayansa. Lissafin mai gona ba wuya: katin tiramol bai kai kuɗin ƙarin ɗan ƙwadago ɗaya ba. Matsalar tsaro ta ƙara wa abin gishiri, domin manomin da ya biya harajin 'yan bindiga kafin a bar shi ya shiga gonarsa, kuma ya san ba zai kai yamma a can ba, so yake a yi aikin yini cikin sa'a huɗu.

Yaran da za a yi wa haka kuwa sun yi yawa kamar ƙasa. Tun daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi, har aka kafa musu matsugunai a wurare irin su Cadakori da Garin Kaka. A watan Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a rana ɗaya a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da maƙwabtansu. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar wannan shekarar, aka rufe makarantun kwana na yankunan iyaka. Makarantun firamare na ƙauyuka da yawa sun zama kufai, na cikin gari kuma sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya zare wani babba daga rayuwar yaro: uba, malamin aji, malamin allo, kawun da ke tsawatawa. Gurbin ba ya zama fanko. Duk wanda ya ba maraya aikin naira dubu ɗaya a yini, shi ne sabon ubansa, maganarsa kuma ita ce doka.

Babba na biyu yana cikin daji, kuma ba sai na tsawaita ba, domin mutanen yankin sun fi ni sani. Waɗanda suka kuɓuta daga hannun masu garkuwa suna faɗin abu ɗaya: masu gadinsu yara ne, bindiga ta fi su tsawo, idanu jajur, ba sa rabuwa da hayaƙi da ƙwaya. Sau da yawa cikin kayan da ake nema tare da kuɗin fansa har da su ƙwayoyin. Yaron da aka ɗora wa bindiga ba zai iya abin da ake so ya yi ba yana cikin hayyacinsa, wanda ya ɗora masa ya san haka. Abin da ba mu cika son faɗa ba shi ne, a ɓangarenmu ma akwai irin wannan. Matasan da ke kwana a bakin gari suna gadi da bindigar toka, akwai wanda ake ba shi abin da zai hana shi barci ya cire masa tsoro, a ce masa taimako ne. Gari na yi masa addu'a, ya kuma cancanci addu'ar. Amma ranar da zaman lafiya ya dawo, in Allah ya yarda, za a karɓi bindigar a hannunsa, ba wanda ya yi tanadin yadda za a karɓi ɗayan abin.

Na 'yan siyasa kowa ya gani da idonsa a 2019 da 2023, a bayan motocin kamfe. Ba zan ɓata tawada a kansa ba.

Wanda ya fi wuyar faɗa shi ne na cikin gida, kuma nan ne 'yan mata ke shigowa. Yarinya ba ta zuwa tasha, ba ta zuwa gadi. Tata takan zo ne daga hannun yayarta ko matar yayanta ko wata uwar ɗaki, a gidan biki ko a ɗakin amarya, cikin robar lemo da aka garwaya da maganin tari. Akan ce mata zai sa ta barci, zai ɗauke mata tunani. Kuma tunanin na nan da gaske: yarinyar da aka kashe mahaifinta a gabanta, ko wadda ta yi wata biyu a daji aka karɓo ta, aka ce ta yi shiru kada ta rasa mijin aure, me muka tanadar mata ban da shirun? Akwai ma uwayen da ke ɗura wa jariri maganin mura mai sa barci don su samu su yi surfe. Ba su san suna koya wa gidan gaba ɗaya cewa damuwa da kuka abubuwa ne da ake kashewa da cokali ba. Bayan rahoton binciken BBC a kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin cikin kwana guda. Kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi, masu ƙaramin ƙarfi suka koma kan abin da ya fi araha, wanda sau da yawa ya fi illa.

Dukkan waɗannan hannaye a wuri ɗaya suke saye. A ƙauyukan da asibiti ya zama tarihi, ma'aikacin lafiya ya gudu da iyalinsa, mai kemis da mai tallar magani a faranti su ne likita. Da yawansu mutanen kirki ne da suka tsaya lokacin da kowa ya tafi, ba don su ba da zazzaɓi kaɗai ya gama da yara. Amma a cikinsu akwai wanda ribarsa ta gaskiya tana ƙarƙashin kanta. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a kasuwanninmu 200 ne, ko 225, ko 250, an yi shi ne musamman domin wannan ciniki, akasari daga Indiya, ya sauka a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma ya hauro, wani ta Legas, wani ya zagayo ta Nijar ya shigo a kan babur ta hanyoyin da ba su da shinge. Da Indiya ta tsaurara doka a kan tiramol a 2018, masu sana'ar suka koma haɗa wani maganin mai suna tapentadol da wani mai saki jijiya, suka zuba a kati mai kama da na da. Yaron da ke tasha bai san an canja ba, launin katin kawai ya sani.

Abin da wannan ke yi wa jikin yaro ya wuce abin da yake yi wa babba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai ya kai wajen shekara 25, kuma sashen da ke zuwa ƙarshe shi ne na gaban goshi, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki. Wanda ya fara tun wannan sashe na ɗanye ya fi saurin kamuwa, ya fi wuyar rabuwa. Tiramol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, in kuma aka haɗa shi da barasa ko diyazafam yana iya danne numfashi yaro ya wuce cikin barci. A ƙasar da ta san bori ta san Inna, yaro ya faɗi yana kumfa, abin da za a fara cewa iska ce ta taɓa shi. A yi hayaƙi, a yi ruƙiyya, a yanka abin yankawa, katin na nan cikin ƙugun wandonsa ba wanda ya laluba. In abin ya ƙi, sai a tuna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, tafiyar sa'o'i a kan hanyar da kowa ke tsoro, ko a kai shi gidan mari. Mun ga abin da aka fito da shi daga irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura a 2019, ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa, har da ƙananan yara.

In koma Koriya kaɗan, domin labarinsu bai tsaya inda na bar shi ba. A 2005 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban sakandarensu sun ce sun sha barasa cikin watan da ya gabata. A 'yan shekarun nan abin ya sauko zuwa wajen ɗaya cikin goma. Ba doka kaɗai ta yi wannan ba, an ga irin wannan sauka a ƙasashe masu arziki da dama, wasu na danganta shi da yadda waya ta tsare yara a ɗaki. Amma akwai abu biyu a tsarinsu da suka tsaya mini a rai. Na ɗaya, suna ƙirgawa duk shekara, suna tambayar yaran da kansu yaushe suka fara, a ina suka samu. Mu kuwa ƙidayarmu ta ƙasa ta tsufa, kuma ba ta leƙa ƙasa da shekara 15 ba. Na biyu, dokarsu ta kare matasa ta 1997 babba take kamawa. In aka sayar wa yaro barasa, mai kanti ne za a ci tara ko a rufe masa shago na wani lokaci. Tallar barasa ma an hana ta a talabijin daga ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare.

Mu namu kamun daga ƙasa yake farawa. A kama yaro a aske masa kai, a zane shi, a ɗauki hotonsa da kati a hannu. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, tana kama manyan kaya a tashoshin ruwa da kan manyan hanyoyi, musamman tun zuwan Janar Buba Marwa a 2021, wannan kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Amma tsakanin kwantena a Legas da yaro a tasha akwai wannan mutum na tsakiya, mai gona ko mai lodi ko matar yaya, wanda ba dillali ba ne a idon doka, ba mashayi ba ne a idon gari, kuma sahun gaba yake sallah. Abin mamaki, addininmu ya riga kowace doka ganin wannan mutum. Duk ɗalibin islamiyya ya san cewa tsinuwar da ta zo a kan giya ba a kan mai sha kaɗai ta tsaya ba, ta haɗa da mai yin ta da mai ɗaukarta da mai sayarwa da mai shayarwa. Na saurari huɗubobi da yawa a kan mashaya. Har yau ina jiran wadda za a yi a kan mai shayarwa, a faɗa ƙarara cewa wanda ya jefa ƙwaya a kunun 'yan ƙwadagonsa yana cikin lissafin.

Masu iya taɓa wannan mutum ba a Abuja suke ba. Sarkin tasha da shugabannin ƙungiyar direbobi sun san wane mai lodi ne ke ba yara. Sarkin noma ya san gonar da ake dafa shayin. Ƙungiyar masu kemis ta san ɗanta da ke da ƙaramar ƙofa ta baya. Waɗannan mutane suna da hukuncin da ya fi na kotu saurin ciwo: a hana mutum lodi mako guda, a ƙi ba shi 'yan aiki, a cire shi daga ƙungiya. Sarautun gargajiyar yankin sun sha duka, kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun masu garkuwa a Agustan 2024 ya nuna iyakar abin, amma har yanzu mai unguwa na iya kiran mutum zaure ya ce masa ya bari. Na san abin da za a ce mini, domin wani mai lodi ya riga ya faɗa mini: in an hana yaron ƙwaya ba zai iya ɗaukar buhun ba, in bai ɗauka ba uwarsa ba za ta ci ba. Na ce masa to buhun ne ya fi ƙarfin yaron, a raba shi biyu, ko a ba shi tsintar albasa da ɗinkin buhu a bar wa ƙarti dako. Ya ce hakan zai rage masa riba. Na ce ai dama maganar ke nan.

Bayan wata biyu na sake bi ta Sabon Birni, na zauna a bencin nan. Na tambayi mai shayi labarin yaron Burkusuma. Ya ce ya kwana biyu bai gan shi ba, an ce ya faɗi a bakin mota ana cikin lodi, aka kai shi gida, wasu na cewa iska ce. Sannan ya nuna mini wani da haɓa, can gindin wata babbar mota, ƙarami ƙwarai, yana kokawa da kunnen buhu.

Ya ce, "Ga ƙanen nan nashi, Alhaji. Shi aka ba wurin."